Ina Ɗan Arewa A Kurmi Zai Ajiye Guzurin Tsufa?

Duk wanda ya saba shiga Sabo ta Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, ko zangon shanu na Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, ya san wani irin dattijo da ba a rasa shi a gindin masallaci bayan la'asar. Rigarsa wankakkiya ce, amma ta ga jiya. In aka tambaya sai a ce, ai wannan a zamaninsa tirela biyu yake saukewa a mako, ko kuwa a ce shi ne ya sauki wane da wane lokacin da suka zo Kurmi da 'yar jaka a kafaɗa. Yau kuwa yana jiran wanda zai tuna da shi ran Juma'a. Bai yi caca da dukiyarsa ba, bai kashe ta a gidan mata ba. Ƙarfi ne ya ƙare, ciniki ya koma hannun yara, kuma ba a ajiye kome a inda wuta da ɓarawo da faɗuwar Naira ba za su kai ba.

Magana ce da ta kamata a yi ta a fili ko da ba ta da daɗin ji. Ma'aikacin gwamnati ya san ranar da zai ajiye aiki, ko da kuwa zai sha jeka-ka-dawo kafin ya ga fanshonsa. Amma ɗan gwari a Mile 12, da mai shayi a Obalende, da ɗan canji a bakin titi, da mai gadi a Ikoyi, da ɗan acaɓa, da mai tura baro, ba wanda ya yanka musu ranar hutu. Ranar hutunsu ita ce ranar da gwiwa ta ƙi, ko ido ya dushe, ko kuma aka wayi gari an hana sana'ar ɗungum. Mafi yawan 'yan Arewa mazauna Kudu kuwa a wannan sahu suke.

Ba wai magabata ba su da tsari ba ne. Suna da shi, kuma ya yi musu aiki shekara da shekaru. Tun da aka kafa Sabo ta Badun a 1916, cinikin goro da na shanu a kan amana yake tafiya. Falke ya kawo shanu ya sauka a gidan maigidansa, maigida ya sa dillalansa su sayar wa mahautan gari bashi, shi ne kuma zai tsaya a kan kuɗin har su fito. Ba takarda, ba sa hannu, sunan maigida shi ne jingina. In ya tsufa, yaran da ya rena su ci gaba da harka suna kawo masa nasa kaso, ɗakunan da ya gina a unguwa suna kawo haya, a gida kuma akwai shanu wajen Fulani da gona wajen ƙane. Watau dukiyarsa tana hannun mutane, tana cikin unguwa, tana daji, sa'an nan ga ɗan abin da ke ƙarƙashin katifa. Wanda duk ya kira wannan rashin wayewa bai san kasuwa ba. Abin tambaya shi ne, a cikin waɗannan ma'ajiyoyi wacce ce ta rage da ƙarfinta na da?

A fara da daji. Shekaru ashirin da suka wuce, in mutumin Ƙaura Namoda ko na Batsari ya sami rarar ciniki a Ikko, abin da zai fara yi shi ne ya aika a saya masa karsana. Saniya ita ce bankin talaka, tana haihuwa, ba ruwanta da faɗuwar Naira. To, satar shanu da ta addabi Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da gabashin Sakkwato ta rushe wannan banki a wurare da yawa, garken da aka tara cikin shekara ashirin a kore shi a dare ɗaya. Abin ma bai tsaya nan ba. A wasu ƙauyuka wanda aka ga ya kafa gidan kwano da kuɗin Kurmi ya zama abin nuni ga masu kai wa ɓarayin daji rahoto, a ɗauke mahaifiyarsa ko ɗansa, a bugo masa waya yana tsakiyar kasuwa. Mutum nawa ne suka karya jarinsu kaf don biyan fansa, suka koma dako a kasuwar da a da suke da rumfa? Inda ake zaune lafiya har gobe saniya jari ce mai kyau, amma ta daina zama wurin da za a zuba kome da kome a juya baya.

Sai kuma rumfa da unguwa. A watan Fabrairu na 2021, a kasuwar Shasha ta Badun, 'yar hatsaniya tsakanin mai dako da wata mai shago ta zama wutar da ta ci rumfuna da gidaje da rayuka. Hausawa da Yarbawa duka sun yi asara, har sai da gwamnonin Arewa huɗu suka taso suka zo Badun don a kashe wutar. Kafin wannan an ga na Shagamu a Yulin 1999, da na Idi-Araba a Fabrairun 2002, da na Mile 12 a Maris na 2016. Ba don a fama tsohon miki aka kawo waɗannan ba, domin galibin kwanakin zaman Kurmi lafiya ake yin su, ana ciniki ana auratayya. Abin lura shi ne, duk lokacin da irin wannan ta faru asarar ɗan ci-rani takan ninka ta maƙwabcinsa, saboda shi kayansa da kuɗinsa da littafin bashinsa da shimfiɗarsa duk a rumfa ɗaya suke. Maƙwabcinsa in shago ya ƙone yana da gidan da zai koma ya huce. Shi kuwa in rumfa ta ƙone, sai dai a tara masa kuɗin mota.

Ko babu faɗa ma, alƙalamin hukuma ya isa. Ran 1 ga watan Yuni 2022 Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Surulere da Apapa, baburan da aka kama kuma aka niƙe su. Yaron da ya yi shekara biyu yana biyan kuɗin babur kaɗan-kaɗan ya wayi gari jarinsa ya zama kayan bola. A watan Mayun shekarar nan ɗin aka ba mutanen Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi, kasuwar da wasu aka haife su aka tarar ana cinta. Ana iya yini ana jayayya a kan ko gwamnati ta kyauta ko ba ta kyauta ba, kuma lalle akwai abin faɗa. Amma mai iyali ba ya ciyar da su da jayayya.

Kuɗin ƙarƙashin katifa fa? Dattawa ba su manta da Afrilun 1984 ba, lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake launin takardun kuɗi, ta rufe kan iyaka, ta ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba, aka ce abin da ya haura Naira 5,000 sai mutum ya yi bayanin inda ya samo shi. Fatake da ke kan hanya ko a ƙetare sun dawo da takardun da ko ashana ba su saya. Bayan shekara 38 aka maimaita. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya ba da sanarwar sake takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, aka daɗa zuwa 10 ga Fabrairu. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris kana tsofaffin kuɗi suka soma dawowa hannu. A tsakanin nan 'yan gwari sun ga tashin hankali, tumatir da tattasai suna ruɓewa a kwando, mai saye ba shi da tsaba, mai sayarwa kuma ba shi da asusun da za a tura masa.

A nan dole a yi wa masu gudun banki adalci. A waɗannan makonni wanda ya kai kuɗinsa banki ma ya yini a layi bai samu ba, ya koma yana sayen kuɗinsa da kuɗinsa wajen masu na'ura a bakin hanya. Saboda haka in dattijo ya ce shi bai yarda da wurin da za a karɓi kuɗinsa da murmushi a hana shi da ɗaure fuska ba, ba shirme yake faɗa ba. Sai dai akwai ɓarawon da ya fi canjin kuɗi ɓarna, shi kuwa ba ya fasa ƙofa.

Wannan ɓarawo shi ne tsadar kaya. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Litar fetur da ake sha ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Hukumar ƙididdiga ta ce zuwa Disamban 2024 farashin kaya ya ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. Misalin da zai fi shiga kunne shi ne kujerar Makka. A 2023 ba ta cika Naira miliyan 3 ba, a 2025 ta haura miliyan 8. Wanda ya kulle miliyan 3 a akwati a 2023 yana cewa sai baɗi in Allah ya yarda, kuɗinsa suna nan cif, ba wanda ya taɓa ko kwabo, amma bayan shekara biyu ko rabin kujera ba su saya.

To, ina mafita? Babu wuri guda da za a nuna a ce nan ne tudun mun tsira, wanda duk ya nuna irin wannan wuri ma a bincike shi da kyau. Abin da hankali zai kama shi ne kada dukiyar mutum ta kwana gaba ɗayanta a inda jikinsa ya kwana, kada kuma ta taru a abu iri ɗaya.

Asusun banki shi ne matakin farko, ba don yana ƙara kuɗi ba, sai don wuta ba ta cinsa, mutum yana iya tserewa da riga ɗaya ya isa Kano ya tarar da abinsa. Masu ƙyamar kuɗin ruwa, kuma suna da hujjarsu ta addini, yanzu ba su da uzurin da iyayensu ke da shi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, dukansu bankuna ne da ba sa harka da ruwa, suna kuma da rassa a Ikko. Amma fa banki ma yana mutuwa. A Janairun 1998 an rufe bankuna 26 a tashi ɗaya, ran 3 ga Yuni 2024 kuma Babban Banki ya janye lasisin Heritage. Abin da ya kamata kowane mai ajiya ya haddace shi ne iyakar abin da hukumar inshorar ajiya, watau NDIC, ke biya in banki ya rushe. A 2024 aka ɗaga iyakar zuwa Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban banki, miliyan 2 kuma a ƙananan bankunan nan na masu ƙaramin jari. Abin da ya haura haka sai an sayar da kadarorin bankin a riƙa biya gutsul-gutsul, wani lokaci a shekara ana jira. Ma'anar wannan ga dillalin shanu mai juya miliyan 20 a fili take, kada ya tara su a banki ɗaya. Yaron da ya mai da wayarsa banki kuwa, ya kamata ya san irin lasisin kamfanin da ke riƙe da kuɗinsa, domin da dama cikinsu da lasisin ƙaramin banki suka fara aiki.

Sai dai kuɗin da ke kwance a asusu tsadar kaya tana cinsu daidai da na akwati. Nan ne maganar sukuk ta shigo, abin da aka fi yin bayaninsa da Turanci ga mutanen da suka riga suka ƙoshi. Gwamnatin Tarayya ta fara shi a Satumban 2017, ta nemi Naira miliyan dubu 100 na shekara bakwai. Yadda abin yake, jama'a su haɗa kuɗi a gina hanya, gwamnati ta ɗauki hayar hanyar daga hannunsu tana biya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika ta mai da musu uwar kuɗinsu. Majalisar malamai masu duba irin wannan harka a Babban Banki ta amince da shi, kuma da Naira 10,000 ana shiga. Direbobin tirela sun san allunansa a hanyar Abuja zuwa Lokoja da ta Kano zuwa Maiduguri da ta Inugu zuwa Fatakwal.

Amma a yi lissafin tsakani da Allah, kada a yi wa kowa romon baka. Wanda ya sa Naira miliyan 1 a 2017, a kan hayar kashi 16.47 cikin 100, ya riƙa karɓar Naira 164,700 a shekara, watau 1,152,900 cikin shekara bakwai, sa'an nan a Satumban 2024 aka mai da masa miliyan ɗinsa. Gwamnati ta cika alkawari. To, amma miliyan ta 2017 tana sayen dala wajen 2,700 a kasuwa, ta 2024 kuwa ko 700 ba ta kai ba. Ke nan wanda ya riƙa cinye hayar yana taƙama da uwar kuɗi, ya yi asara ba tare da kowa ya cuce shi ba. Wanda ya rage zafi shi ne wanda ya riƙa mai da hayar cikin wani jarin, kuma ko shi bai kamo dalar ba. Duk da haka tsakaninsa da mai akwati akwai nisan fiye da miliyan guda. Sukuk ɗin Mayun 2025 ya zo da kashi 19.75, gwamnati ta nemi Naira miliyan dubu 300 aka kawo mata fiye da ninki bakwai. Bankuna da kamfanonin fansho ba su yi sanya ba. 'Yan Mile 12 nawa aka gaya wa an buɗe?

A wannan fage mata sun sha gaban maza ba tare da sun shiga aji ba. Matar Sabo da ke sayar da tuwo ko ƙosai daga cikin gida, in ta kwashi adashi ɗan kunne ko sarƙar zinariya take saya, maigida yana yi mata dariya yana cewa son ado. Farashin zinariya a duniya ya haura dala 3,000 kowace oza a Maris na 2025, ya haura 4,000 a Oktoba. Ga dala ta tashi a kan Naira, ga zinariya ta tashi a kan dala, yanzu wa ke yi wa wani dariya? Aibinta dai ba ta haihuwa, ɓarawo yana sonta, farashinta yakan sauko kamar yadda ya hau, mai saye kuma ya kula da jabu, ya karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da daraja.

Hannun jari a kamfanoni kuwa, wanda ya ga abin da ya faru daga Maris na 2008 zuwa farkon 2009, lokacin da kasuwar ta zube da wajen kashi biyu cikin uku ta bar waɗanda suka ci bashin banki suka saya da hawaye, ya san ba wurin kai kuɗin cefane ba ne. Mai rarar da ba zai nema ba sai bayan shekara biyar yana iya gwadawa ta hannun dillali mai lasisi.

Akwai kuma fansho na masu sana'ar kansu, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Maris na 2019 ƙarƙashin hukumar PenCom. Mai shayi ko tela ko direba zai buɗe asusu a kamfanin fansho mai lasisi, ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata. A tsarin da aka fara da shi, kashi 40 cikin 100 yana iya cirewa in lalura ta taso, kashi 60 kuma a kulle sai ya kai shekara 50 ko ciwo ya kwantar da shi. A 2025 an sake wa shirin suna an gyara ƙa'idojinsa, saboda haka mai shiga ya sa a karanta masa takardar da ke aiki kafin ya dangwala. Tun 2021 hukumar ta buɗe asusun fansho marar ruwa, mai shiga ya nemi a gaya masa a rubuce inda za a juya kuɗinsa. Babban amfanin wannan shiri shi ne kullewar nan da mutane ke gudu. Kowa ya san kuɗin da ke hannu ba sa tsallake biki da suna da wayar nan ta asuba da ake cewa ƙanenka ya shiga uku. Adashi ma kullewa ce, amma ta wata goma, uwar adashi kuma tana iya mutuwa ko ta gudu. Rashin karɓuwar shirin a zango ba laifin 'yan zango kaɗai ba ne. Kamfanonin da ke zaune a benaye a bakin teku suna jiran mai tura baro ya hau na'ura ya same su, ai ba su shirya karɓar kuɗinsa ba.

Inda na gaskiya suka ƙi zuwa, nan 'yan damfara ke zuwa da ƙafarsu. MMM ta kulle kuɗin jama'a a Disamban 2016. CBEX, da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta rushe a Afrilun 2025, har waɗanda abin ya shafa a Badun suka afka wa ofishinta na Oke-Ado suka kwashe kujeru, kamar kujera za ta biya miliyan. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara goma ga masu wannan sana'a, amma ɗauri ba ya dawo da kuɗi. Irin waɗannan mutane sun koyi sa rigar addini, su ce ai kasuwanci ne ba ruwa ba, su biyo ta hannun wanda ake ganin girmansa a unguwa, su biya mutum goma na farko don su zama 'yan shela. Takardar rajistar kamfani da suke ɗagawa ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, wannan hukumar SEC ko Babban Banki ke ba da shi. Ɗan kasuwar da ya san wuyar da ake sha kafin a fitar da ribar kashi 10 a tirelar albasa daga Aliero zuwa Ikko, bayan kuɗin mota da na shingaye da ruɓewa, bai kamata a ruɗe shi da kashi 100 a wata yana kwance ba.

Maganar gida ita ce ta fi taɓa zuciya. Kowa na cewa in ya tara zai koma, amma akwai waɗanda kakanninsu aka binne a Agege, 'ya'yansu Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Irin wannan ya kamata ya daina yaudarar kansa, ya nemi fili mai sahihiyar takarda a inda yake. Tun dokar ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, rasit ɗin omo-onile shi kaɗai ba ya tare katafila, kuɗin lauya da na mai awo kuma ba su kai kuɗin ginin da aka rushe ba. Wanda iyalinsa ke Arewa kuwa, gara ya yi ɗakuna huɗu a babban gari, kusa da asibiti, inda za a sami mai haya, da ya kafa katafaren gida a ƙauye inda ba mai shiga sai jemage. In kuma ta hannun ɗan'uwa ake ginin, a riƙa biya mataki-mataki ana gani da ido. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, an je gida da Salla an tarar da bulo ɗari biyu da dogon labari.

Duk wannan kuwa aikin banza ne in ba a rubuta ba. Abin mamaki, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma a kasuwa in mutum ya ce a rubuta sai a ce bai yarda da mutane ba. Mutum ya rasu da safe a Kurmi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, waɗanda yake bi bashi su yi shiru, waɗanda ke binsa su zo da shaidu. Wayarsa a kulle, matarsa a ƙauye ba ta san ko sunan bankinsa ba. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024, asusun da ya shekara goma ba a taɓa shi ba ana mai da kuɗinsa hannun Babban Bankin, magada suna da ikon nema, amma ta yaya za su nemi abin da ba su san da shi ba? Sa sunan wani a takardar banki a matsayin makusanci ba ya mai da shi magaji, sai an kawo takardar kotu. Wani abin da ake rena shi kuma yana hana kuɗi fita shi ne bambancin suna, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, a lambar BVN Mamman, shekarar haihuwa kowace da tata. Gyaran yini ɗaya ne ga mai rai, wahalar shekara ce ga marayu. Littafi biyu sun isa, da boko ko da ajami, ɗaya a rumfa ɗaya wajen amini ko liman, a riƙa sabunta su kowace Salla.

Wani zai ce ai arziki na Allah ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne. Amma mai faɗin haka yana sa wa rumfarsa kwaɗo da dare, yana ɗaure kayan tirela da igiya, kuma tun yana makarantar allo aka ba shi labarin Annabi Yusuf da tanadin shekara bakwai. Yaron da ke samun Naira 5,000 a yini, in ya ware 500, a wata ya tara 15,000, a shekara 180,000. Ba dukiya ba ce, amma ta ninka kuɗin shiga sukuk sau 18.

Nauyi mafi girma yana kan ƙungiyoyin kasuwa da Sarakunan Hausawa. A ƙarshen Fabrairun 2021 ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsai da motocin kaya zuwa Kudu, cikin 'yan kwanaki tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabo a Ikko. Ƙungiyar da ke da wannan ƙarfi, wadda ake biyanta kuɗi a wurin lodi a kuma biya a wurin sauke kaya, ba za ta ce ta kasa haɗa 'ya'yanta a inshorar takaful ba. Tun 2013 hukumar inshora ta fitar da ƙa'idojinta, akwai kuma kamfanoni masu lasisi. Tsarinta taimakon juna ne, kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda gobara ko hatsari ya afka wa a biya shi, abin da ya saura a raba wa masu zubi. Da aka kashe matafiya 16 a Uromi a Maris na 2025, gwamnoni sun yi ta'aziyya, duniya ta ji. Amma waɗanda ke mutuwa ɗai-ɗai da bibbiyu a kan kayan tirela tsakanin Mokwa da Jebba, ba gwamnan da ke zuwa gidajensu, sai ɗan abin da aka tara a faranti bayan sallar Magariba.

Ba abu ne mai wuya ba Sarkin Hausawan kowace unguwa ya aika wa bankunan da kamfanonin fansho da na takaful takarda, su zo fada bayan sallar Juma'a da fom ɗinsu da mai bayani da Hausa, a zaunar da malami da lauya a gefe. Kowane kamfani ya tashi a gaban jama'a ya faɗi nawa yake yanka a cikin kuɗin mutum, yaushe ne mutum zai iya cire abinsa, wa kuma zai biya in kamfanin ya mutu. Magatakardan fada ya rubuta amsar kowa, a manna ta a ƙofar masallaci.